Tauraron da Na Ba Ponni

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

“To da ƙarfe nawa aka haife ta?”

Mama ce, uwar mijina. Ta tsaya a ƙofar kicin da hoton yarinyar da za mu ɗauko a hannu. Tun da ya iso daga gidan marayun Madurai ba ta ajiye shi ba, har gefensa ya fara laushi.

Na ce, “Ai na faɗa miki, Mama. Tara ga Janairun bara.”

“Rana kaɗai ba ta isa ba, Dakta. Guru, malamin haikalinmu, ba ya buɗe littafin taurari da rana kawai. Ta ina za a san harafin sunanta? Ko haka za ku kwaso ta daga Indiya da sunan da ma'aikata suka laƙaba mata?”

“Ponni suna ne mai daɗi.”

“Sunan shinkafa ne.”

Albasa nake yankawa. Na dawo daga jami'a a gajiye, kuma wannan ce tambaya ta wajen goma tun da na ajiye jaka. Na ɗaga kai, agogon murhu ya nuna huɗu da minti ashirin. Na ce, “Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma.”

Ta maimaita sau biyu, ta je ta rubuta a bayan kalandar haikali.

Babu wanda ya san ranar da aka haifi Ponni. Tara ga Janairu kiyasin likita ne. A gadon jarirai da ake ajiyewa a ƙofar asibiti aka tsince ta da safe, cikin tsohon tawul. Mama ba ta san wannan ba. Sagren, mijina, ya ce mata iyayen mutanen kirki ne, haɗarin bas ya kashe su. Shi ya ƙago bas, ni na ƙago agogo. Da ma an ce mana aure raba aiki ne.

Ƙididdiga nake koyarwa. Kowace shekara sai na gaya wa 'yan ajin farko cewa inda babu lamba, a bar gurbin yadda yake.

Alhamis, 13 ga Maris, da safe kafin aji

Ɗakin Ponni ya bushe. Wannan ne fenti na uku. Na farko mun yi shi shekarar da muka fara neman riƙo, muna zaton watanni ne. Ya dusashe, muka sake. Yanzu ruwan ƙwai ne, Mama ta zaɓa.

Anti Saras ta maƙwabta ta leƙo ta katanga ina shanya, da tambayarta ta kullum. “Yaushe jirgin?”

“Sai kotun can ta ba da rana, Anti.”

“Ayyo, mu a zamaninmu wata tara ne, ba kotu.”

Na yi mata dariyar da take so.

Abu ɗaya ya rage a nan Durban. Madam Mthethwa, jami'ar walwala, za ta zo ziyarar ƙarshe ranar biyu ga Afrilu. Dole ta ji daga bakin kowane babba da ke kwana a gidan nan cewa ya yarda. Mu uku ne. In ɗaya ya yi ko da jan numfashi, sai ta rubuta, kuma in ta rubuta, Ponni ta koma layi, wasu su ɗauka.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Mun je wajen Guru, ni da Mama. Ya zaunar da mu a baranda, ya gama shayinsa tukuna, sannan ya buɗe littafin. Yatsansa ya sauko layi-layi, ya tsaya.

“Da yamma kuka ce?”

Mama ta ce, “Huɗu da ashirin.”

Ya cire tabarau ya goge. Na sha ganin wannan a wajen likitoci.

“Tauraron Mulam ne. Kuma farkonsa.” Ya dubi Mama, bai dube ni ba. “Kin san abin da ake cewa. Yana taɓa uba.”

Baban Sagren ya faɗi a tashar jiragen ruwa yana da hamsin da biyu, bai tashi ba. Sagren yana da arba'in da shida, yana shan ƙwayar hawan jini, kuma shi kaɗai Mama ta haifa.

Guru ya ce, “Da da safe ta zo, da babu komai. Tauraron safiyar mai sauƙi ne.”

A mota na gwada. Na ce, “Mama, ina jin na yi kuskure fa. Kamar na asuba suka ce, ba na yamma ba.”

Ba ta ko juyo ba. “Ke da lissafi ne abincinki? Ba kya kuskuren lamba, Niru. Don ki kwantar min da hankali kike faɗa, na gode. Amma ba a yi wa taurari ƙarya.”

Na kunna rediyo.

Lahadi, 16 ga Maris, da rana

Sagren ya yi dariya har da riƙe ciki. “Agogon murhu! Cikin duk lokutan duniya!” Ya ce in bar ta, za ta kai kwakwa da kafur haikali, shi ke nan.

Lamba ce kawai.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Duk yini ina shirya hujjoji. Na tabbata Mama za ta ce ba za a shigo da yarinyar gidan nan ba. Ina da amsa ta kimiyya, da ta addini, da kuma wadda zan yi in an kai ga tsawa. Gaskiya har na ɗan ƙosa a fara. Na iya faɗa da surukar da ba ta da gaskiya.

Ta dawo daga haikali da toka a goshi, ta zuba mana miyar dal da shinkafa, ta zauna.

“Na yi wa Uwa Draupadi, allahiyar haikalinmu, alkawari. Zan taka wuta bana. Ita za ta ɗauke nauyin tauraron daga kan ɗana.”

Sagren ya ajiye cokali. “Mama, shekarunki saba'in da ɗaya. Kina da suga.”

“Na san shekaruna, ni na yi su.”

“To a yi wata addu'ar mana. A ciyar da mutane, a ba da zanen sari.”

“Babban abu, babban alkawari.” Ta ɗauki hoton daga gefen farantinta ta shafa. “Yarinyar nan ba ita ta zaɓi tauraronta ba.”

Haka ne. Ba ita ta zaɓa ba.

Ranar wutar shida ga Afrilu ce.

Laraba, 19 ga Maris, a ofis, tsakar rana

Mun tsara da Sagren. Madam Mthethwa ta zo ranar biyu, Mama ta ce ta yarda, a sa hannu. Washegari mu zaunar da ita mu gaya mata komai. Ta yi fushinta, ta fasa wutar. Kowa ya tsira da abinsa.

Na tambaye shi me zai hana mu faɗa yanzu. Ya ce, “Kin manta yaron Vasie?”

Ban manta ba. Vasie ƙanwar Anti Saras ce, ta ɗauki wani yaro da aka tsinta a tashar tasi. Ya girma, yana aikin banki. Har yau in ya shigo gaishe da Mama, akwai kofin da take ba shi ruwa da shi, a can ƙarshen kanta yake zama shi kaɗai. Ta taɓa ce min, cikin tausayi ma, “Yaron kirki ne, amma ba a san jinin da ke jikinsa ba.”

Tsarin yana da kyau. Na duba shi ta kowane gefe.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Yau hutu, kuma yau ne ranar kiran bidiyo. Sau ɗaya a wata suke ba mu, minti kaɗan.

Tun safe Mama ta bi gida ta kifa hotunan Ponni. Wanda ke jikin firij ta juya shi. Ta ce uba ba ya ganin fuskar 'yar Mulam sai an sauke alkawari.

Sagren ya ce, “Mama, ai na riga na gan ta. Ita ce a fuskar wayata.”

“Abin da ya wuce ya wuce. Cire.”

Ya cire.

Da aka kira, ni da Mama muka zauna a teburin kicin. Mai reno ta ɗago Ponni saitin waya. An yi mata aski, kunnuwanta sun fito. Ta riƙe wani murfin roba tana buga shi a ƙasa. Mama ta yi mata waƙar reno da 'yar Tamil ɗin da ta rage mata, mai renon tana dariyar yadda muke furta kalmomin kakanninmu. Sai Ponni ta kama ƙafar kujera ta miƙe tsaye, ta saki hannu ɗaya.

Mama ta yi ihu, “Ta tsaya! Ta tsaya!”

Sagren yana bayan ƙofa, a lungun da muke rataye laima. Ƙaton mutum, ya jingina kai da bango yana saurare. Ina ganin gwiwar hannunsa kawai.

Bayan an kashe ya ce, “Yaya ta tsaya? Da dama ta riƙe ko da hagu?”

Na ce da dama. Ban lura ba.

Lahadi, 23 ga Maris, da safe

Ba ni na ce ta yi alkawari ba.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe uku na yamma

Na kai Mama asibitin masu suga. Likitan yaro ne, ina jin na taɓa kayar da shi a jarrabawa. Ya ce ta rufe ido, ya riƙa taɓa tafin ƙafarta da wani siririn zare.

“Kin ji, Anti?”

“Na ji.”

“Nan fa?”

“Na ji.”

Ya ɗaga zaren sama, bai taɓa komai ba. “Yanzu fa?”

“Sosai ma.”

Ya dube ni. Na dubi hoton ƙoda da ke bango.

Na ce, “Likita, gaya mata abin da zai faru in ta taka garwashi.”

Ya zaci wasa nake. Da ya gane, ya yi bayani a hankali. Yatsunta ba sa jin komai. Za ta iya ƙonewa har nama ba ta sani ba. A ƙafa irin tata, ƙuna kamar ƙwayar wake kan kai mutum ɗakin yanka.

Mama tana ɗaura takalmi ta ce, “Kai ɗan gidan Chetty ne na Unit Seven? Kakarka ta taka wuta har ta tsufa, da ƙafafunta biyu aka ƙona gawarta.”

“Anti, ita ba ta da suga.”

“Tana da imani.”

A hanya ta sa na tsaya ta sayi sari rawaya. Ta ɗora a kafaɗa ta ce, “Ya yi?” Na ce ya yi. Ya yi mata kyau ƙwarai, wannan ne abin haushin.

Juma'a, 28 ga Maris, da magariba

An ɗaga tuta a haikali, an ɗaura wa masu alkawari zare rawaya a hannu. Azumi ya fara. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai a gidan nan. Mama ta sauko daga gado ta koma tabarma, ci sau ɗaya a yini, kuma ta ajiye takalmi sai bayan wuta.

Mata suna ta zuwa gaishe ta. Anti Saras ta kama hannuna da hannu biyu. “Kin yi dacen suruka, 'yar nan. Wata da tuni ta ce a mayar musu da hotonsu.”

Na ce na sani.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Na fita da sunan sayen labule, na tsaya a Grey Street na ci bani, burodin nan da ake cusa wa miyar rago, a cikin mota, burodin da miyar duka, har na suɗe takarda. Ban ma ji yunwa ba. Ina so ne in yi laifin da na san girmansa.

Ina shiga gida Mama ta ce, “A ina kika samu? Na wajen Patel ba ya sa tafarnuwa haka.” Ba ta yi fushi ba. Ta ce azumin nata ne, ba nawa ba.

Ina son ta yi fushi da wani abu.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Madam Mthethwa ta kira. An yi mata rasuwa a Nongoma. Ziyara ta koma Laraba, tara ga wata.

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe takwas na yamma

A mota muka yi maganar, a bakin kanti, don kada Mama ta ji.

Sagren ya ce, “Ke ce mai lissafi. Mutum nawa ke takawa duk shekara? Ɗaruruwa. Nawa ke ƙonewa?”

“Kaɗan.”

“To kin gani.”

“Su suna jin ƙafafunsu, Sagren. In ya yi zafi sai su ɗaga.”

“Kwana uku ne tsakani, Niru. Ta taka Lahadi, Madam ta zo Laraba, shi ke nan.”

“In kuma Laraba tana asibiti?”

Ya bugi sitiyari. “In kuma kin faɗa mata, ta zauna gaban matar nan ta ce ba a san jinin yarinyar ba? Shekarun nan duka? Ɗakin nan? Ta fa tsaya, Niru. Ta tsaya ban gani ba.”

Wani mai gadin motoci ya zo ya leƙa ko za mu fita.

Na ce, “To me kake so a yi?”

“Uwata ce, 'yata ce. Kada ki sa ni in zaɓa.”

Wato ya bar min. Ya saya mata ayaba da madara, muka dawo.

Na zauna na yi abin da na iya. Na ba ƙunar kashi kaza cikin ɗari, na ba ƙin yardarta kashi kaza. Duk lambobin daga kaina na ciro su. Da alama ya zama sana'a.

Laraba, 2 ga Afrilu, da safe

Yau ce da Madam za ta zo. Na sa furanni a falo duk da haka, ban san dalili ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na faɗa wa Mama.

Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ban je aji ba. Bari in rubuta yadda aka yi, tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Na dawo jiya na ga ɗigo-ɗigo a tayil ɗin kicin, daga ƙofar baya zuwa murhu. Na zaci tumatir ne. Mama tana tsaye tana murza gurasar roti, tana 'yar waƙarta. Na ce ta zauna. A dugaduganta na dama akwai ƙaramar fasasshiyar kwalba, ta shige rabi. Daga harabar haikali ta kwaso ta tun safe. Ta yini a kai.

“Ayyo, ban ji ba,” in ji ta, kamar mai ba da haƙuri.

Na kawo ruwan ɗumi a roba na durƙusa. Na cire kwalbar, na wanke. Ƙafar tana cikin hannuna, ba nauyi, fatar kamar takarda. Ban shirya komai ba. Ban ɗaga kai ba, da ƙafar na yi magana.

Na ce babu wanda ya san lokacin da aka haifi Ponni, ko ranar. Na ce a ƙofar asibiti aka same ta.

Na fara naɗa mata bandeji.

“Ba bas?”

“Ba bas.”

“Ba uwa, ba uba?”

“Akwai, Mama. Ba mu san su ba ne.”

“Huɗu da ashirin fa?”

“Agogon murhu na duba.”

Ta juya ta daɗe tana kallon agogon. Sannan ta ce, “Wannan ai gaba yake da minti goma.”

Ta zare ƙafarta daga hannuna. Ta tashi da bandejin rabi a naɗe, ta shiga ɗaki. Rotin da ke kan tanda ya ƙone, na bar shi.

Sagren da ya dawo ya dubi fuskata, ya dubi ƙofarta, ya fita wanke motar da ya wanke shekaranjiya.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ba ta fito ba sai banɗaki. Na ajiye abinci a ƙofa, ta ci rabi. Hotunan suna nan a kife. Ba ta juya su ba, ba ta kuma kwashe su ba. Na zagaya gida ina duba su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba marasa lafiya.

Likita ya zo gida ya ɗinke wurin. Ya ce kada ta taka ƙasa da shi mako biyu. Ta ce masa, “To.” Na san wannan “to” ɗin.

Juma'a, 4 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Ta kira ni. Tana zaune a tabarma, sarin rawaya a ninke a gefenta.

“Kin sa Guru ya buɗe littafi a kan ƙarya.”

“Na'am.”

“Kin sa na hana ɗana ganin yarinyar.”

“Na'am.”

“Me na yi muku da kuka ga ba za a iya gaya min gaskiya ba?”

Na ce, “Kofin yaron Vasie.”

Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haka ba. Na so a ce na ji daɗi. Ban ji ba.

Can ta ce, “Lahadi zan taka.”

“Mama, babu tauraron. Ni na ƙago shi. Babu abin da za a sauke.”

“Ke kika yi ƙarya, ni ban yi ba. Ni da Uwa muka yi magana. Na ce mata zan kawo ƙafa biyu daga gidan nan su ratsa wutarta. Abin da aka ba ta ba a zuwa a ce a dawo da shi, wai an yi kuskuren agogo.”

Na ce, “Ƙafa biyu daga gidan nan kika ce?”

Ta dube ni.

Ban san daga ina ya fito ba. Ni ce wadda ke tsayawa can baya a haikali tana ƙirga mutane don ta kashe lokaci.

“Ke? Ke da ba ki yarda da komai ba?”

“Nawa suna ji.”

“Za ki ƙone, Dakta.”

“Mai yiwuwa.”

“Ba don ki burge ni ba?”

“Ban sani ba, Mama. Ina jin har da shi.”

Ta ja tsaki. Ta ce in kira mata Guru.

Maganar Laraba kuwa, ba ta ce komai ba. Ban tambaya ba.

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Guru ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce a shekarunsa na buɗe littafi an sha kawo masa lokacin da aka gyara don aure ya yiwu, amma ni ce ta farko da ta ƙago wa kanta mummunan tauraro. Ya ce na gida na iya ɗaukar alkawarin na gida, in mai alkawarin ta kwance zaren da hannunta. Ruwa da 'ya'yan itace kawai har gobe.

Mama ta kwance zaren, ta ɗaura min. Ta ja shi da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

Na bi ta bayan haikali na ga ramin wutar. Sun tara itace ya fi ni tsawo. A ƙarshensa akwai ɗan kwarmin da za a cika da madara. Na san bayanin duka: garwashi ba ya saurin miƙa zafi, toka tana karewa, ƙafa ba ta daɗewa a kai. Na taɓa yi wa Sagren wannan laccar a wurin nan, muna cin gyaɗa. Yau na tsaya gaban itacen, bayanin yana nan daram a kaina, amma sai da na ja da baya.

Sagren ya ce shi zai taka. Mama ta ce, “Kai da hawan jininka? Zauna. Kai naka hukuncin daban ne, ina tunaninsa.”

Anti Saras ta riga ta ji. Ta ce wa matan layi surukar Mama ce ta ga ƙafar tsohuwa ta yi rauni ta karɓa mata, don tsabar biyayya. Yanzu har mata suna nuna ni ga surukansu. Mama ta ji, ba ta gyara musu ba. Ban san ko rufin asiri ba ne ko horo.

Lahadi, 6 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana, a mota

Sagren ya koma ɗauko kwakwar da ya manta a baranda, shi ya sa nake rubutu.

Mama ce ta shirya ni. Ta zauna a kujera, ƙafarta mai bandeji a kan matashi, tana ba da umarni. Sarin ya yi min gajere, nata ne. Ta sa na ɗora ƙafafuna a cinyarta ta shafe su da kurkum har idon sawu, yatsa bayan yatsa. Hannunta yana da ƙarfi.

Ta ce ba za ta je ba. “In na je zan shiga. Na san kaina.”

Ta rako ni har ƙofa da sanda, tana ɗingishi. Ana jin ganguna daga can ƙasan layi. Na tsaya a kan dakali. Na yi niyyar kada in tambaya, ta zama ba ciniki ba ne. Amma bakina ya riga ni.

“Mama, Laraba…”

“Kada ki yi gudu,” in ji ta. “Masu gudu su ke faɗuwa. Ki dubi fuskar Uwa, ba ƙasa ba. Taku ɗaya, sannan ɗaya.”

“Mama.”

“Na ji ki. Laraba ke za ki yi shiru, ni zan yi magana. Kin yi wadda ta isa.” Ta gyara min bakin sarin a kafaɗa, ta ja shi ya zauna. “Ki dawo min da ƙafafun nan lafiya. Jikata ta kusa fara tafiya, ni kuwa ba zan iya bin ta da gudu ba.”

Ta tura ni da yatsa biyu a baya, ta rufe ƙofa. Na ji ta murza makulli.

Na tako zuwa mota ba takalmi. Simintin tsakar gida ne kawai, rana ta gasa shi, amma sai da na ɗaga ƙafa.